Sarkin Pawan Hayyul Ashir

Gara in faɗa da bakina kafin abokan zamana su riga ni: har na bar Kano zuwa Alƙahira ban taɓa gasa nama ba. Ci dai na iya, don ba na jin akwai mai tsire tsakanin Fagge da Sabon Gari da zai ce bai san fuskata ba. Amma tsayawa gaban tukuba ana yayyanka maka balangu daban, riƙe wuƙar daban. Gidanmu na allo da tawada ne, ba abin da ya haɗa mu da mahauta sai ciniki. Ko ranar layya, Malam ya yanka, mahauci ya feɗe, mata su soya, mu kuwa samari aikinmu zarya a ƙofar madafa muna tambayar ko hanta ta yi.

Matsalar ita ce sunan Bahaushe ya riga ni sauka Masar. A Hayyul Ashir, unguwar da ke can gefen Madinatu Nasr inda baƙin ɗaliban Azhar da yawa ke kama haya idan ba su samu ɗaki a Madinatul Bu'us ba, duk wanda ya ji inda na fito sai ya haɗiyi yawu. Bayerabe ya ce suya. Ɗan Kamaru ya ce soya. Wani Basudane maƙwabcinmu har dafa kafaɗata ya yi, ya ce agashen da ake sayarwa a Khartum da Omdurman ai kakannina ne suka kai musu a kan hanyarsu ta zuwa Makka. Game da Hausawa gaskiya ya faɗa. Abin da ya kamata in ce shi ne kakannin wasu dai, nawa suna zaure suna bitar Ishiriniya. Sai na gyaɗa kai a hankali na ce, "To, Allah dai ya jiƙan magabata." Ba a jima ba aka naɗa ni Sarkin Pawa.

Na riƙe sarautar nan ba tare da na taɓa gawayi ba. Muna da wani yaro ɗan Maraɗi, shiru-shiru, wanda ya tashi a gidan fawa na gaskiya. Shi ke yanka, shi ke shafa ƙuli, shi ke soke nama a tsinke, shi ke fifita wuta. Ni kuwa in goya hannu a baya, in tsaya a kansa in ce, "Juya, juya, kar ya ƙone," daidai lokacin da ya riga ya miƙa hannu zai juya. Idan an ci an yaba, sai in ce yaron yana ƙoƙari, hannunsa ya fara faɗawa. Bai taɓa tona ni ba. Yana dai ce mini "ranka ya daɗe" da wata irin murya da sai daga baya na gane ta.

Daga cikin ayyukan sarauta har da raina gashin Misirawa. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kabab a wajen Masallacin Husaini ko Sayyida Zainab ya san tsarinsu. Da awo suke sayarwa, kwata ko rabin kilo: kabab na gutsattsarin naman rago, da kufta ta niƙaƙƙen nama da albasa. Ba ƙuli, ba citta, ba kanumfari, ruwan albasa da gishiri da masoro sun ishe su. A kawo maka shi a kan shimfiɗar yankakken ganyen baƙdunis, ga tahina ta riɗi, ga gurasarsu aish baladi, ga turshi, ga ɗan kofin ruwan salak mai yaji da tsami da ake kurɓa don buɗe ciki. Nakan cinye naman tas, in ture ganyen gefe da yatsa, in ce wa 'yan'uwa mutanen nan ba su iya rabuwa da ciyawa ba. Da aka nuna mini dukka, wato garin riɗi da gyaɗa da kamun da ƙwayar kuzbara da suke dangwala gurasa a ciki, na lasa na ce yaji ne da bai yi saukar karatu ba. Aka yi dariya. Dariyar mutane kuwa ita ta saba kai ni ta baro.

Ana nan sai wani Bayamane da ke hawan sama ya kira mu walima. Kusa da naman ya ajiye wata 'yar tasa ta koriyar miya, ɗanya, ba ta ga wuta ba. Sahawiƙ suke ce mata: ganyen kuzbara da koren barkono da tafarnuwa da kamun, a daka su tare. Ka ɗauki tsoka mai maiƙo ka dangwala, sai ganyen ya yanke maiƙon, bakinka ya washe, ka sake miƙa hannu ba ka sani ba. Wani ɗan Maroko ya ce su ma suna da sharmula, kuzbara da baƙdunis da lemun tsami da man zaitun, da ita suke jiƙa kifi da nama. Wani mai kwana kallon ƙwallo ya ce mutanen Ajantina, ƙasar su Messi, gasasshen naman sa da cimicuri suke cin sa, baƙdunis da tafarnuwa da khal da mai. Kowa na kawo ta ƙasarsu, ana ta yaba tasar Bayamane, ga Sarkin Pawa a zaune an manta da shi. Abin ya tsaya mini a wuya. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Ai wannan a wurinmu yara ake sa wa su yi."

Aka yi tsit. Bayamanen, mutumin kirki, ya ce to madalla, ranar Idi sai mu ɗanɗani ta Kano.

Babbar Sallar 2017 ce, wadda ta faɗo Juma'a 1 ga Satumba. Tun da gwamnatin Masar ta sakar wa kasuwa darajar fam a Nuwamban 2016, dalar da ba ta kai fam 9 a banki ba ta koma wajen 18, nama ya zama abin kallo a rataye. Naira ita ma ta sha kashi a shekarar, don haka abin da ake aiko mana daga gida ba ya kaiwa ko'ina. Karo-karo muka yi, gida guda, muka sayi rago ɗaya. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san darajar abin da na ɓata.

Ina da lokaci a hannu. Tsakanina da Bayamanen matakala ce kawai, in hau in ƙwanƙwasa in ce ɗan'uwa koya mini. Ina iya kiran Hajiyarmu a waya. Ko ɗaya ban yi ba. An ce matambayi ba ya ɓata, haka ne, amma ana ganin sa yana tambaya, ni kuma nan ne ciwon yake.

Ranar jajibere na nufi kasuwar unguwa. Wata dattijuwa ce zaune cikin baƙar jallabiya, ta jibge ganye ƙulli-ƙulli a gabanta tana yayyafa musu ruwa. Duk kore ne. A idona bambancinsu bai wuce wani dogo wani gajere ba. Na gyara murya na zuba mata Larabcin littafi, da wasali da tanwini a ƙarshen kowace kalma, cewa lalle haƙiƙa ni ina nufin sayen wani abu daga cikin korayen ganyayyaki. Ta saurara har na dire, sannan ta ɗaga hannu ta ce, "Sadaƙallahul azim." Mai tumatir na gefe saura kaɗan ya faɗo daga kan amalankensa.

Da ta gama share hawayen dariya ta ce, "Ya Shehi, wanne kake so? Baƙdunis, kuzbara, shabat, gargir, na'a-na'a? Me za ka dafa, ɗana?"

Ga ƙofa an buɗe mini har bango. Na ce, "Hajja, na san abin da nake nema." Na nuna wannan, na nuna wancan, na nuna na bayansa. Akwai wani mai dogon kara da ganye mai tsini, ya fi kowanne sheƙi, ga arha, na ce ta ba ni ƙulli biyu. Ta dube ni ta ce, "Har da wannan?" Na ce musamman ma shi.

Da dare, bayan kowa ya kwanta, na ɗauko bilendar da na aro. Na ɗauraye ganyen na zuba su da ruwansu da karansu. Na ɓare tafarnuwa dunƙule guda, don na ji an ce akwai tafarnuwa, kuma ni ba na son a ce na yi rowa. Na matse lemun tsami har da 'ya'yansa. Na tuttule kwalbar man zaitun da kuɗinta ya kai na abincina na mako. Na kunna inji, na bar shi yana ta kuka har jikin kofin ya yi ɗumi, don a ganina daɗewa ita ce ƙwarewa. Na juye a roba, na sa a firji, na kwanta ina tsara yadda zan amsa yabo da tawali'u.

Da asuba na buɗe. Koren ya gudu, abin ya koma kalar ruwan kududdufi a watan Agusta. Na sa cokali na ɗago, sai miyar ta biyo cokalin, ta miƙe, ta ƙi tsinkewa. Na lasa. Ɗaci ya fara gaishe ni, tafarnuwa ta biyo baya da sanda. Mai hankali a nan zai zubar ya ce firji ne ya lalace. Ni sai na ƙara yaji.

Bayan an sauko daga Idi muka hau soron gida. Ɗan Maraɗi ya yi gashin da ban taɓa ganin ya yi irinsa ba. Da aka sauke farantin farko, kafin kowa ya ce uffan, na kwarara masa miyata daga wannan baki zuwa wancan. Na ce haka ake yin ta a tsohon gari, ta manya ce, sai an saba. Mutane suka ci don zumunci. Na hangi Bayeraben yana goge tsokarsa da gurasa a ɓoye. Bayamanen ya tauna, ya daɗe yana kallon sama, ya ce, "Ajib." Wani dattijon Bakatsine da ke karatun digiri na uku ya ce, "Malam, wace unguwa ce a Kano? Don na yi zama a Madabo ban gamu da ita ba." Na ce ta cikin gida ce, ba a fita da ita.

Sai ɗan Maraɗi ya sa yatsa ya ja, zaren ya biyo shi. A hankali, cikin ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, lalo ne?"

Lalo ne. Mulukhiyya, miyar da Misirawa ke ji da ita. Na sha ta da tuwo a Kano, na ci ta da shinkafa a Alƙahira, amma ban taɓa ganin ta a jikin karanta ba, don ban taɓa leƙa inda ake tsinke ta ba.

Sauran farantin da ya ƙi ciyuwa, wani mai tausayi ya ce a kai wa bawwab, mai gadin gidan, wani mutumin Sa'id da ke zaune da iyalinsa a ɗakin ƙasa. An kai. Farantin ya dawo da naman a wanke, an sake ɗumama shi da albasa, tare da saƙon gaisuwar Sallah. Ba wanda ya ce komai, kuma da an zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan Sallah ta lafa na sauka wurin matar bawwab ɗin. Ko a nan ma ban iya miƙe hanya ba. Na ce, "Hajja, wani abokina ne yake son ya san yadda ake haɗa ganye don gasasshen nama." Ta dube ni daga hula har takalmi ta ce, "Abokin nan naka, shi ne mai mulukhiyya?" Na ce shi ne. Ta ce, "Allah ya shirye shi. Zauna."

Ta ce su ba al'adarsu ba ce yin irin wannan miya don kabab, tahina ta ishe su, amma ganye ganye ne, wadda ta yi ta'amiyya da mahshi shekara da shekaru ta san halinsa. Ta fara da hanci. Ta murza ganye ta kai mini: baƙdunis ya fi duhu, bakin ganyensa da tsini, ƙamshinsa a kwance; kuzbara ta fi laushi da haske, ganyenta ya ɗan zagaye, ƙamshinta kuwa ba ya sallama; shabat siriri ne, ba ya ɓuya. Ta ce kar abokina ya damu ƙwarai, mazan Masar ma kullum ana mayar da su kasuwa a kan baƙdunis da kuzbara, har abin ya zama abin barkwanci a ƙasar. Bambancin kawai su sukan koma.

Sannan ta wanke ganyen, ta baza a kan tsumma mai tsabta, ta ce ba za a taɓa shi ba sai ya tsane sarai, don ruwa ke kashe ɗanɗano ya hana mai kama ganye. Ta ɗauko makharaɗa, wata lanƙwasasshiyar wuƙa mai mariƙi biyu da suke yanka mulukhiyya da ita, tana lilo da ita dama da hagu har ganyen ya yi ƙanana ba tare da ya dagargaje ba. Baƙdunis ƙulli 2, kuzbara ƙulli 1, na'a-na'a 'yar kaɗan, koren barkono 1. Tafarnuwa ƙwaya 2 ko 3, ba dunƙule ba, ta daka da gishiri a ɗan turmi, ta ɗiga mata lemun tsami ta bar ta ta huce. Ta ɗan gasa kamun a busasshen kasko har ya yi ƙamshi, ta murƙushe. Mai kuwa da cokali ta gauraya shi, daidai yadda zai jiƙa ganyen ba ya nutsar da shi ba. Sauran lemun, irin ƙananan nan nasu masu ruwa, ta ce sai an kusa ci, kuma a tsame 'ya'yan. A zuba bayan an sauke nama ya ɗan sarara, don in aka shafa tun yana kan wuta ganyen ƙonewa zai yi.

"Ka gaya wa abokinka," ta ce, "inji na lemun mangwaro ne."

Daga baya na karanta dalilan. Wuƙar bilenda tana farfasa man zaitun mai kyau zuwa ƙananan ɗigo, sai sinadaran ɗaci da ke ɓoye cikinsa su fito fili. 'Ya'yan lemun tsami su ma ɗaci ne da su. Tsami idan ya kwana da ganye yana cinye korensa, zafin inji kuma yana gaggauta abin. Ita ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba, hannunta ne ya sani.

Da muka sake samun nama na yi ta yadda aka koya mini, ta fito kore shar, aka cinye har da suɗe tasa. Za ka ce na yi hankali. Wani Basakkwace ya ce shi sabulu yake ji a bakinsa. Na ce a ba ni minti ɗaya, na zaga bayan tankin ruwa, na duba waya, na dawo na yi musu lacca cewa ai sanannen abu ne, kuzbara ce, wasu mutane haka aka halicce su, masana sun danganta shi da wata ƙwayar gado ta jin ƙamshi mai suna OR6A2, ina mamakin yadda ba su sani ba. Da Basudanen ya tambaye ni inda na koyi miyar, na ce gado ce, daga kakata ta wajen uwa. Ashe ɗan bawwab yana tsaye a bayana da buhun gawayin da aka aike shi ya kawo. Yaron bai ce komai ba. Washegari dai da na zo wucewa, uwarsa ta leƙo ta ce, "Ina kwana, jikana."

Na kira Hajiyarmu ina ba ta labarin sabon abin da na gano a ƙasar Larabawa. Ta saurara ta ce, "Wato kwaɗo ka yi ba ƙuli." Na ce a'a, wannan ɗanyen ganye ne da tsami da mai da yaji. Ta ce, "To lansir ɗin da kake cinye mini da azumi dafa shi ake yi?" Ta ce da na tambaye ta da ta gaya mini a kyauta, ba sai an wanke ragon mutane ba. Ban san wanda ya kai mata wannan ɓangaren ba, amma ina zargin Katsina.

Abin da ke ba ni dariya yanzu shi ne, tambaya ce ta kai ni garin. Mutanen yankinmu sun daɗe suna bin wannan hanya: tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira don masu zuwa daga ƙasarsu, kuma Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, har wasiƙar nasiha ya rubuta wa Sarkin Katsina Ibrahim. A zauren karatu na Masallacin Azhar ni ne mai ɗaga hannu in tambayi i'irabin kalma, in zauna ina jin daɗin an ga zurfin tambayata. Ashe tambayar da ke ƙara mini girma kawai nake iya yi. Wadda za a yi wa mace mai ganye a bakin titi, ko yaron da na girma, ita ce ke maƙale mini. Mu kuma mabiya Imam Malik ne, wanda aka ruwaito an yi masa tambayoyi 48 ya ce bai sani ba a 32. Ni da kaina na sha ba da wannan labari a gaban ɗalibai, da murya mai taushi. Ka zauna a kowace majalisa ta unguwa bayan la'asar ka jefa tambaya a kan farashin dala, ko ciwon ƙoda, ko yaƙin Yukren, ka ƙirga mutum nawa za su bi Imam Malik. Ni dai in ina wurin kar ka sa ni a lissafi.

Yanzu na dawo gida, an sauya mini sarauta, na zama masanin Masar gaba ɗayanta. Kwanan baya wani maƙwabci ya yi sallama, ya ce za a kai yayansa Alƙahira aikin ido, wane asibiti ya fi, kuma nawa za a tanada. Ni da ko ciwon kai kantin magani na ƙasan gidanmu nake zuwa, ban taɓa taka asibitin ido a ƙasar ba. Na gyara zama, na ɗaga hula, na ce, "Alhaji, ai wannan abu ne mai sauƙi."

Daga cikin gida maiɗakina, wadda Hajiya ta ba ta labarin tun kafin a ɗaura aure, ta ɗaga murya ta ce, "Malam, yau lalo za a yi, ko in bari sai baƙo ya tafi?"

Na ce wa Alhaji ya ba ni zuwa gobe, akwai wani yaro ɗan Maraɗi da zan kira.